Tsuntsayen da Baba Ya Yanka

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ni Barikisu ina koyar da 'yan mata a wata makarantar midil a Tamale, kuma ba ni da satifiket. Irinmu ake kira pupul tica. Mu ne farkon zuwa, mu ne ƙarshen tashi, in ana taro kuma mu ake sa jera kujeru. Sabuwar gwamnati ta ce tana son malamai mata daga arewa, sai ta ware wa makarantarmu gurbi guda a kwalejin horon malamai. Wani sifeto zai zo daga Akra ya zauna a ajin kowaccenmu ya ga yadda take koyarwa, wadda ya rubuta sunanta ita za ta tafi. Shekaruna sun kai bakin iyakar da aka sa. In na rasa wannan gurbi, baɗi za a ce na tsufa.

Darasin da ya faɗo mini shi ne nazarin halittu, kuma a zangon damina tsuntsaye ake yi. Littafin da muka gada daga Turawa ɗan ƙarami ne mai koren bango, tsuntsayen Ingila ne a ciki tun daga farko har ƙarshe. Yarana suna haddace sunan wani tsuntsu mai jan ƙirji da ke tsalle-tsalle cikin dusar ƙanƙara, alhali cilakowa na kan dogon yaron da ke bakin taga tana ta ƙwala mana kira. Abin da ban taɓa yafewa ba shi ne ranar da aka tambayi launin hankaka. Wata yarinya mai suna Lamisi ta rubuta cewa baƙi ne mai farin ƙirji. Duk wanda ya taɓa zuwa mahautar Tamale ya san gaskiya ta faɗa. Amma hankakan littafi baƙi ne wuluk, sai Baturiyar da ke shugabantar makarantar a lokacin ta soke amsar da jan alƙalami a gabana. Lamisi ta kalle ni, ta kalli taga, ta koma wurin zamanta.

Da Baturiyar ta tafi aka ba mu Mista Andani, Badagombe ɗan Sagnarigu, baƙar fata na farko da ya hau kujerar. Mun yi murna, har da guɗa. Ba a daɗe ba muka gane ashe kwat kawai aka canza wa mai shi. Makullin kabad ɗin littattafai yana rataye a ƙugunsa duk inda za shi, har masallaci, kuma a ganinsa littafin da ya fi kowane daraja shi ne wanda ba a taɓa buɗewa ba. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Shi ya tara mu wata safiya ya ce gwamnati ta aiko da kasafin littattafai na murnar 'yancin kai, kowace malama ta je kanti ta zaɓi guda ɗaya.

Kantin yana bayan babbar kasuwa, kuma akawun da ke tsaronsa, Issah, ya riga ya yanke mini hukunci tun ban buɗe baki ba. Ya miƙo mini sabon bugun wancan mai koren bango.

"Madam, wanga buku ne duk sukuru na saye," in ji shi, wato littafin da duk makarantu ke saye. "Yana da kyau paa."

Na ce ya mayar da abinsa, ya fito da duk littafin tsuntsaye da ke shagon. Ya sha kunu, ya hau kujera, ya sauko da guda biyu daga saman kanta. Na farko ya yi kyau kamar sabuwar atamfa, kowane shafi launi ne, kuma an rubuta Afirka ɓaro-ɓaro a bangonsa. Har zuciyata ta fara tafiya. Amma na riga na shirya yadda zan gwada su tun daga gida: zan nemi tsuntsayen da na wuce a hanyata ta zuwa kantin, in littafi bai san su ba, to ba namu ba ne. Na nemi hankaka mai farin ƙirji, na same shi. Na nemi kurciyar da ke kwana a kan rufinmu, na ga wata mai kama da ita amma ba ita ba. Na duba wuraren da aka ce ana samun tsuntsayen, sai na ga duwatsu da tafkunan da ban taɓa jin sunansu ba, can kudancin nahiya. Ashe marubucin da ya ce Afirka, inda yake zaune kawai yake nufi.

Na biyun ba shi da fuska ko kaɗan. Jibgege ne, bangonsa ruwan ƙasa, rubutunsa ƙanana, hotunan kuma an tara su wuri ɗaya a tsakiya, sai ka sa yatsa a nan ka koma can neman bayani. Tsuntsayen Afirka ta Yamma ne. Na buɗe tsakiyarsa a tsaye a gaban kanta, sai ga cilakowa da bakinta mai lanƙwasa. Ga shamuwa, an ma rubuta cewa da farkon ruwa take zuwa, abin da kowace tsohuwa a unguwarmu Zogbeli ta sani amma ban taɓa ganin an buga shi da inji ba. Ga mulufi cikin jar rigarsa ta damina, a gefensa kuma ga shi cikin tsummansa na rani, yadda ba za ka ce tsuntsu ɗaya ba ne. Ga carki, ga ragon maza, ga burtu yana takama. Sai da Issah ya ce in ba saye zan yi ba in daina lasar yatsa ina juya masa shafi.

Mista Andani kuwa da ya ga abin da na zaɓo sai ya hau dokin naƙi.

"Tica Barikisu, kai kana son wahala. Sifeto ya san ƙaramin buku. Tambaya duka daga ƙaramin buku yana fita. Wanga babba, wa ya san shi?"

Na ce, "Masta, tsuntsayen da ke cikinsa sun san mu."

"Tsuntsu ba ya rubuta ripot kwaraa, ko kaɗan."

Muka yi ta ja. Ya ce littafin ya yi nauyi, na ce ba shi zai ɗauka ba. Ya ce ya cinye rabon malamai biyu, na ce malamar ɗinki ta yafe mini nata, ita allura take so ba littafi ba. Na tuna masa jawabin da ya yi ranar 'yancin kai, da ya ce daga yau yaranmu za su koyi ƙasarsu. Wannan ne ya kama shi, don mutum ne mai son jawabansa. Ya sa hannu yana huci, ya buga wa littafin hatimin makaranta, ya jefa shi kabad ya kulle. Sai da aka sake wani sabon rikici kafin ya gane cewa littafin gane tsuntsaye ba a kabad ake amfani da shi ba, don tsuntsaye ba sa zuwa ofis. Da aka sa ranar zuwan sifeto ya yarda in tafi da shi gida na mako guda, bisa sharaɗin in ko ƙura ta taɓa shi, ni ce.

A nan ne wata damuwa ta taso, wadda ban gaya wa kowa ba. Mahaifina, Malam Imurana, mutumin Katsina ne, fataucin goro ya kawo shi Tamale yana saurayi, ya zauna yana koyar da karatu a zauren gidanmu. Tun rasuwar mahaifiyata mu biyu ne a gidan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Shi ya kai ni boko da hannunsa lokacin da malaman unguwa ke cewa ya lalace. Amma Baba ba ya kwana gida ɗaya da hoton abu mai rai. In aka sayo gwangwanin madara mai hoton saniya, sai ya ɗauko alƙalami da tawada ya ja layi ɗaya a wuyanta. A fahimtarsa, in an raba kai da jiki hoto ya zama kamar itace, mala'ikun rahama sa iya shiga gidan, kuma ba za a tsare kowa ranar lahira a ce ya hura wa abin rai ba. Haka ya yi wa kalandar kamfani, haka ya yi wa zakaran da ke jikin akwatin ashana. Saboda haka na naɗe littafin cikin ɗankwali, na ɗaure, na tura shi bayan akwatina a ƙasa, ba na fito da shi sai na bar gida.

Makon nan na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Kullum da la'asar sai in bi bayan Zogbeli wajen gonakin masara, in zauna a gindin kuka da littafin a cinya. Na yanke shawarar darasina zai zama a kan kurciya, don babu yarinyar da ba ta san ta ba, kuma kowa na zaton iri ɗaya ce. Littafin ya nuna mini abin da idona ke gani tun ina yarinya ban lura ba: wasu suna da baƙin zobe a bayan wuya, wata kuwa ba ta da zobe sam, sai ɗigo-ɗigo a ƙirji. Duk darasin a kan wuya ya tsaya. Za mu fita waje mu ji kukansu, mu dawo, in buɗe shafin, yara su nuna da kansu wacce muka gani. Na tabbata babu malamar da za ta kawo wa sifeto irin wannan.

Ran Lahadi, jajiberin zuwansa, na tafi suna a Dungu. Ina can aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai dab da magariba na dawo gida ina jan zane cikin taɓo. Na tarar ɗakina ya yi yoyo ta kusurwar akwati, an janye akwatin, an kafa tasa a wurin. Na duba wurin, babu littafin. Sai na ga ƙunshin littafin a saman kanta inda Baba ke ajiye littattafansa, ɗaurin ɗankwalin yana nan daram.

"Na ɗauke miki kayanki, Uwata," in ji shi daga zaure. "Littafi ba a ajiye shi a ƙasa."

Na shafa ɗankwalin na ji ɗan danshi ne kawai a gefe ɗaya. Na yi masa godiya har zuciyata. Da safe hanya ta ɓaci, na makara, na ɗauki ƙunshin yadda yake na ruga makaranta.

Sifeton dogo ne, mutumin bakin teku, da farin wando da kyamara rataye a wuya. Tun daga ƙofa yake kallon komai namu da murmushin mai ziyarar marasa lafiya. Mista Andani ya gaishe shi da Turanci har yana rusunawa, aka sa musu kujeru a bayan aji.

Rabin farko ya tafi yadda nake so. Na fita da yara ƙarƙashin mangwaro, Allah ya taimake ni kurciyoyi suka sauko suna kiwo a filin da ruwa ya jiƙa. Lamisi ta ce waccan tana da zobe, wannan ba ta da shi. Na ga sifeto ya gyara zama a bakin taga yana rubutu. Muka dawo aji, na kwance ɗankwali, na buɗe inda na sa alama, na ɗaga littafin sama don kowa ya gani, ni ban ma kalli shafin ba don na haddace shi.

"Ku nuna mini wadda ba ta da zobe," na ce.

Yara suka leƙo suna duba shafin. Can wata yarinya a gaba ta ce, "Madam, duka suna da shi."

Na juyo da littafin. Kowace kurciya a shafin an ja mata baƙin layi a wuya, siriri, miƙaƙƙe, da tawadar da na sani tun ina rarrafe. Na juya shafi. An yanka shamuwa. An yanka cilakowa. Gauraka mai dogon wuya an yanka ta daidai ƙarƙashin haɓa. Har 'yan ƙananan tsuntsayen da aka zana suna shawagi can nesa a saman hoto, kowanne ya samu nasa rabon. Ko ɗigo ɗaya bai zuba ba, ko harafi ɗaya bai taɓa ba, aiki ne na mutumin da ya yini yana yi da natsuwa. Wani irin haushi ya taso mini. Yaran da suka fito daga gidajen malamai sun gane nan take, suka sunkuyar da kai. Sauran suka fara ƙyalƙyala dariya ƙasa-ƙasa.

Yadda na ƙarasa darasin ban sani ba. Na dai tuna na zana kurciya a allo da alli, ta fito kamar kaza.

A ofis sifeto ya sa littafin a gabansa yana juya shi shafi-shafi. Ya tambaya da Turanci ko yara ne suka yi wannan ɓarna, domin in su ne, malamar da ba ta iya tsare kayan gwamnati daga yara ba ba ta iya riƙe aji ba. Kafin in yi magana Mista Andani ya riga ni. Zan yi masa adalci, ina jin ceto na ya so yi, ko da yake kansa ya fara tunawa. Ya ce ba yara ba ne, ba kuma malamar ba ce. Mahaifinta tsohon malamin zaure ne, kuma tsofaffin nan na arewa suna da wata al'ada ta yanka hotuna. Ya yi bayanin yana ɗan dariya, kamar shi ba a gidan da ake yin haka ya tashi ba.

Sifeto ya tuntsire da dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce tun da ya fara zagayen arewa bai ga abin da ya kai wannan ba. Ya ce wannan littafi shi kaɗai ya fi rahoto goma bayyana abin da ilimi ke fama da shi a nan. Zai tafi da shi Akra ya nuna a taron ma'aikata, a sa a mujallar malamai. Sa'an nan ya dafa kyamararsa ya ce yana so a kai shi gidanmu yau ɗin nan, ya ɗauki hoton tsohon yana riƙe da littafin a hannu ɗaya, alƙalaminsa a ɗayan. Ya juyo gare ni fuskarsa cike da alheri. Ya ce rabin darasin da ya gani ya isa, yarinyar da ta fito daga irin wannan duhu ta kai nan ita ce ainihin wadda gwamnati ke nema, zai rubuta sunana.

Gurbin ke nan a gabana, abin da na yi shekaru ina jera kujeru dominsa. Ina jin haushin Baba a lokacin kamar in fashe, ban taɓa jin haushin mutum haka ba. Amma wannan haushi nawa ne, ni ke da shi, ni zan kai masa shi gida. Sai na hango shi zaune a kan buzunsa, baƙo ya zo daga nesa, ya tashi ya ba shi ruwa da goro kamar yadda ya saba, baƙon ya ɗaga na'ura ya mayar da shi hoto, shi da bai taɓa yarda an ɗauke shi ba ko don takardar gwamnati. A rarraba shi a ofisoshin Akra ana dariya, mutumin da ya sha zagin unguwa don ya sa ni makarantar da nake tsaye a cikinta.

Na ce, "Masta ya yi kuskure. Ni na ja layukan."

Mista Andani ya buɗe baki. Da Hausa ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tica Barikisu, kai ka yi hankali. Wanga magana zai kashe ka."

Sifeto ya daina dariya. Ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake faɗa. Na ce na fahimta, littafin a hannuna ya kwana, mahaifina ko harafin Turanci bai sani ba, ba ruwansa da kayana. Ya ce to me ya sa na yi, ni da na zaɓo littafin da kaina? Na ce na ga dama ne. Na san amsar banza ce, ba ni da wata. Ya dubi Mista Andani yana jiran ya ƙaryata ni. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta rushe ƙaryata, kalma ɗaya kuma ta isa ya ce wa baƙon ya bar tsoho ya huta, ya duba darasin da ya gani da idonsa. Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana wasa da makullan ƙugunsa yana kallon taswirar da ke bango.

Sifeto ya rufe littafin ya ture shi gefe. Labarin malamar da ta ɓata kayan makaranta ba ya ba kowa dariya a Akra, don haka ba ya bukatarsa kuma. Ya ce ba zai iya aika wa kwaleji mai irin wannan tunani ba, kuma ya yi mamakin yadda aka bar ta da yara tun farko. Ya shawarci hedimasta da a koma wa ƙaramin littafin da aka saba da shi, wanda aka gwada aka ga amfaninsa. Mista Andani ya ce dama abin da ya faɗa ke nan tun farko. Ya ɗauki littafina ya sa a kabad, a can ƙasa, ya murza makulli. Malamar ɗinki aka rubuta wa gurbin, ita da ta yafe mini rabonta, kuma ban taɓa riƙe ta da komai ba.

Na taho gida a ƙafa cikin rana, ina shirya maganganun da zan yi wa Baba. Na shirya su tsaf, tun daga gwangwanin madara har zuwa yau. Zan gaya masa littafin ba nawa ba ne, ba nasa ba ne. Zan gaya masa wuyan da ya yanka shi ne darasin gaba ɗaya. Zan gaya masa abin da ya jawo mini, ya ji da kunnensa, ko sau ɗaya a rayuwata in ɗaga masa murya. Da na shigo unguwa har mai koko ta gaishe ni ban amsa ba.

Na same shi a zaure shi kaɗai, yana fiƙe alƙalami. Yatsunsa uku baƙi ƙirin da tawada har gindin farce, idanunsa sun yi ja suna ruwa, irin yadda suke yi in ya daɗe yana kallon ƙananan abubuwa. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Uwata, an dawo? Yaya baƙon naku?"

"Ya tafi, Baba."

"Madalla. Ya ga aikinki?"

"Ya gani."

"To Allah ya sa albarka." Ya hure ƙurar alƙalamin. "Jiya da na buɗe littafin nan in ga ko ruwa ya shige shi, sai da jikina ya yi sanyi. Rayuka ne cunkus a ciki, kuma a ɗakinki suke kwana, a wuyanki. Ban ga laifinki ba, aikin gwamnati ne aka ɗora miki. Na ce ba zan dame ki da magana ba kina shirin baƙo, gara in sauke miki nauyin da kaina. Na bi a hankali, kin ga ban taɓa musu rubutunsu ba."

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a hannu. Maganganun da na shirya suna nan a bakina, ba wadda ta ɓace.

"Abu ɗaya ne ya hana ni barci," in ji shi. "Akwai ganye biyu can wajen ƙarshe da danshi ya manne su. Na ji tsoron in ja su yage, kayan mutane ne, a zo a ga laifinki. Ban san ko nawa ne a tsakaninsu ba. In sun bushe, ki roƙi shugaban naku ya sake ara miki shi ko na yini ɗaya ne, in ƙarasa miki."

Na ajiye takalmin a ƙasa. Na ce, "To, Baba."